Wa ya kamata ya kauce, mai gudu ko mai kare?

Maman Ilham: Assalamu alaikum jama'a. Ina da magana, kuma ina roƙon a karanta ta har ƙarshe kafin a ba ni amsa. Shekara biyu ke nan da likita ya ce mini ko dai in riƙa motsa jiki ko ya ƙara mini maganin hawan jini. Tun daga lokacin, in na idar da sallar asuba na gama azkar, sai in ɗaura takalmi in fita sassarfa a layukan unguwarmu nan Gwarinpa. Shekaranjiya wajen shida saura kwata, gari bai gama wayewa ba, ga hazon hunturu, ina tafe a gefen titi sai na hango wani yaro da karnuka biyu, manya, irin na 'yan sandan nan masu tsayayyun kunnuwa. Ɗaya yana riƙe da igiyarsa, ɗayan kuwa ya sake shi yana ta shinshine-shinshine a bakin kwata. Ɗaya hannun yaron waya yake dannawa. Na ratse na ba su fili na wuce. Ban yi taku goma ba sai na ji huci a bayan ƙafata. Ina waiwayowa na ga baki a buɗe, harshe a waje, dab da zanen da na ɗaura kan wandona. Na ja da baya, ƙafata ta zurma cikin kwalbati. Bai cije ni ba, alhamdulillahi, amma ga ni nan da targaɗe, idon sawu ya kumbura suntum, gwiwa ta ƙuje, hijabi ya yage.

Abin da ya fi targaɗen yi mini ciwo shi ne maganar yaron. Ina zaune a ƙasa jikina na ɓari, ya ƙaraso ya kama karen ya ce, "Madam ai ba ya cizo, wasa yake." Ko sannu babu. Ta ina zan san ba ya cizo? A goshinsa aka rubuta? Shi ya sa na kawo maganar nan, don na san a cikinmu akwai masu gudu, akwai kuma masu kare. In hanya ɗaya ce ta haɗa mu, wa ke da haƙƙin kula?

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. Subhanallahi, sannu Maman Ilham, Allah ya sa kaffara ne. Ki sa ƙanƙara, ki ɗaga ƙafar kan matashi, kar ki bari a yi miki ja kafin a duba ko akwai tsagewar ƙashi. Jama'a a tattauna, amma cikin mutunci.

Ɗan Tsere: Sannu Anti. Ni wannan magana ba ta da wani tsawo. Titi na mutane ne. Mai kare ya ajiye abinsa a bayan katangar gidansa. Sau uku ana bi na a kan hanyar Life Camp, har na koma gudu da dutse a hannu. Duk karen da ya matso ni zai sha jifa, mai shi ya yi abin da zai yi.

Baban Walid: Allah ya ba ki lafiya Maman Ilham. Ni mai kare ne, kuma ba zan kare wannan yaron ba ko da kalma ɗaya. Sakin kare babba a kan titin da mutane ke bi ganganci ne. Amma Ɗan Tsere, ka bari mu ma a ji namu. Ban taɓa tunanin zan ajiye kare ba sai da ɓarayi suka haura mana gida sau biyu a damina ɗaya, na biyun iyalina na ciki ni ina Kaduna. Kare kuma ba kwaɗo ba ne da za ka rataya a ƙofa ka manta da shi. In ka kulle shi dare da rana bai fita ya miƙe ƙafa ba, shi ne yake zama abin tsoron da kuke faɗa. Dole ya fita. Da rana kuwa ba ya yiwuwa, kwaltar Abuja a watan Maris in ka ɗora bayan hannunka ba za ka iya ƙirga biyar ba, haka take ƙona masa tafin ƙafa. Sanyin safiyar da kuke nema shi muke nema. Dalilin haɗuwarmu ke nan, ba neman fitina ba.

Kuma ga abin da ke faruwa da ni kusan kullum. Ina tafe da karena a ɗaure, igiya gajera, a gefena. Sai mutum ya taho ta baya da takalmin da ba ya ƙara, kunnuwansa toshe da abin jin waƙa, ya wuce fuu har kafaɗarsa na gogar tawa. Ni kaina sai gabana ya faɗi, balle dabba. In karen ya zabura sai a ce mugu ne. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ɗan Tsere: Yallaɓai, to yanzu sai na nemi izinin kare kafin in wuce a titin gwamnati?

Baban Walid: Ba izinin kare ba, ɗan'uwa. Gyaran murya kawai. "Gafara dai", ko "salamu alaikum", tun kana nesa da taku goma sha. Daƙiƙa biyu nake buƙata in naɗe igiyar a hannu in mai da shi ɗaya gefen. Ko gidanku za ka shiga ai kana sallama.

Kocin Asabar: Ni ina ganin abu biyu aka cakuɗa. Abin da ya sami Maman Ilham daban, abin da Baban Walid ke faɗa daban. Ita kare sakakke ne ya bi ta, wannan ba shi da wani fuska biyu. Maganar Baban Walid kuma gaskiya ce, ina ganin ta duk Asabar a bakin tafkin Jabi. Mu masu gudu muna da halin da ba ma son a faɗa. Mutum ya kunna agogonsa yana son ya gama kilomita 5 cikin minti 25, sai ya zama duk abin da ke gabansa cikas ne, tsohuwa ce, yaro ne, mai kare ne. Mu jero mu huɗu mu cike hanya muna hira, wanda ke tahowa shi zai sauka cikin ciyawa. Wannan ba tarbiyya ba ce. Agogon ba zai kai ka ko'ina ba in ka rage gudu na taku biyar.

Ɗan Pankshin: Sannu Mama, Allah ya sauwaƙe. Ni aikina ke nan, horar da karnuka da fita da su, shekara tara ina yi a Maitama da Asokoro. Bari in faɗi abin da idona ya gani.

Yawancin manyan karnukan da kuke haɗuwa da su da asuba ba masu su ne ke riƙe da su ba. Oga yana barci. Maigadi ne ko yaron gida aka ce "kai, fita da su". Ba a koya masa komai ba, wani ma tsoron karen yake ji. Yaro mai nauyin kilo 55 a ba shi karnuka biyu kowanne ya kusa kilo 40, in suka ja tare ta yaya zai tsai da su? Shi ya sa yake sakin ɗaya, don hannunsa ya huta. Kuma karen bai ɗauke shi a bakin komai ba, muryar da yake ji ta wanda ya horar da shi ce. Ni ƙa'idata mutum ɗaya, babban kare ɗaya. In gida na da uku, sau uku zan fita.

Na biyu, igiya. Akwai wadda ake sayarwa mai maɓalli, tana warwarewa da kanta har mita 5, wata ma 8. A fili mai faɗi ba laifi. A kan hanyar mutane kuwa masifa ce, don siririya ce, da duhun asuba ba a ganin ta. Mai kare na wannan gefe, kare na wancan gefe, igiya ta gitta hanya daidai ƙauri. Na taɓa ganin ta kayar da wani bawan Allah ya faɗi ta haɓa. Igiyar hanya kada ta wuce mita ɗaya da rabi, kuma a naɗe ta a hannu, ba a rataya a yatsa ba.

Na uku shi ne wanda mutane ba su lura da shi ba. Mu masu horarwa a gefen hagu muke koya wa kare tafiya, haka aka gada. To mu a Najeriya tun 1972 muka koma bin hannun dama a titi, kuma haka mutane ke yi a hanyar ƙafa ba tare da sun yi tunani ba. In na bi dama kare na haguna, ka ga karen ne a tsakiyar hanya, shi ne kusa da mai tahowa, shi ne kusa da mai wuce ni. Don haka in na hango mutum sai in mai da karen damana, ni in shiga tsakaninsu. In na ga mace ce da yara ko dattijo, tsayawa nake yi gaba ɗaya in ce ya zauna har su wuce. Ba ya rage ni da komai.

Maman Ilham: Ɗan Pankshin na gode. Wallahi da haka yaron ya yi da ban kawo ƙara ba. Akwai wani dattijo da nake haɗuwa da shi da farin karensa, tun daga nesa yake tsayawa ya ɗaga mini hannu. Shekara guda muna gaisawa, ban taɓa jin ɗar ba.

Abu Sumayya: Ni fa abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muka zauna muna tsara yadda za mu zauna da kare. Yawo da kare a igiya ba al'adarmu ba ce, kwaikwayon Turawa ne. Ga najasa. Mutum ya fito da alwalarsa da tufafinsa masu tsarki, kare ya goge shi da hanci, shi ke nan sai wanki bakwai.

Ɗan Pankshin: Malam, da girmamawa, Abuja ta kowa ce. Kuma ko a Kano da Katsina mafarauta da karnukansu suke fita, makiyaya ma haka.

Hajiya Babba: Abu Sumayya, kar mu karkata zuwa wa ke da al'ada wa ba shi da ita. A cikin nan akwai Musulmi akwai Kirista, hanya kuma ta haɗa mu duka. Malam Na Kubwa, in kana kusa ka warware mana batun najasar don hankalin mutane ya kwanta.

Malam Na Kubwa: Bismillah. Sannu Hajiya Maman Ilham, Allah ya ƙara afuwa. Batun yawun kare malamai sun saɓa. A mazhabar Imamu Malik, wadda ita aka fi karantawa a ƙasar Hausa, duk mai rai tsarkakakke ne, har guminsa da hawayensa da yawunsa, kare ma yana ciki. Wanke ƙwarya sau bakwai in kare ya yi lallagi a ciki, a wurinsu bin umarni ne, ba don najasa ba. Shafi'iyya da Hanbaliyya su ne suke ganin najasa ce mai kauri, a wanke sau bakwai ɗaya da ƙasa. Shafar kare kuma ba ta cikin abubuwan da ke warware alwala. Wanda ya bi wannan ko wancan yana da magabata, kada a yi faɗa a kai. Amma mai kare ya sani akwai wanda in karenka ya lashi wandonsa, a fahimtarsa ka ɗora masa wanki kafin ya yi salla. Wannan kaɗai ya isa ka janye dabbarka.

Ajiye kare kuwa, hadisi ya yi rangwame ga na farauta da na kiwo da na gona, malamai da yawa suka yi ƙiyasin gadin gida a kai in akwai buƙata. Malamanmu na ba da labarin Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai Risala, cewa ya ajiye kare a gidansa don tsaro, da aka ce masa Malik ya ƙi hakan sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Saboda haka Baban Walid bai yi abin zargi ba.

Inda nake so mu tsaya shi ne haƙƙin hanya. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a ba hanya haƙƙinta, ya lissafa runtse ido, da kame cuta, da amsa sallama, da umarni da kyakkyawa da hani da mummuna. Kame cuta ya hau kan mai kare, ya hau kan mai gudu. Tsoratar da mutum cuta ce ko ba a taɓa jikinsa ba. Kuma a fiƙihu, mai jan dabba da mai kora ta da mahayinta su ke da lamunin abin da ta taka. Wanda ya fito da dabba cikin mutane shi ya ɗauko nauyi, ba wanda ya fito da ƙafafunsa biyu ba. Ɗan Tsere kuma, jifan karen da ke ɗaure a hannun mai shi bai yi maka komai ba zalunci ne. An gafarta wa mutum saboda ya shayar da kare mai ƙishi, kar mu manta.

Abu Sumayya: Na karɓi gyara a kan alwalar, Malam. Amma ni dai har yanzu ba na son ya taɓa ni.

Malam Na Kubwa: Haƙƙinka ne, ba wanda zai tilasta maka.

Nas Ta Garki: Maman Ilham, don Allah ki sake duba ƙafar da kyau da haske. Kin tabbata ƙujewar ta kwalbati ce, ba haƙori ko farce ba? Kuma bai lashi wurin ciwon ba? Ina tambaya ne saboda cutar haukan kare ba sai an yi cizo mai zurfi ba, yaƙushi ko yawu a kan buɗaɗɗen ciwo ya isa. In alamunta suka bayyana kusan ba a tashi, amma kafin su bayyana allura na hana ta. Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasta mutum kusan 59,000 ke mutuwa da ita duk shekara, yawanci a Afirka da Asiya, kuma kusan duka daga kare ne. Kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, don su ba sa faɗa in an yaƙushe su, suna tsoron faɗa.

Duk wanda kare ya ciza, abu na farko ruwa da sabulu, a yi ta wankewa minti 15 cur, a duba agogo. Sannan asibiti a ranar, ba gobe ba. Kar a tsaya sa gishiri ko toka ko ƙona gashin karen a shafa, a garinmu na ga ana yi kuma ba ya maganin komai. Cutar kan yi wata biyu zuwa uku a ɓoye, ciwon ya warke mutum ya manta, sai ta taso. Na yi jinyar yaro ɗaya da ita a farkon aikina. Yana jin ƙishi, a miƙo masa kofi, maƙogwaronsa ya shaƙe ya ture. Mahaifiyarsa na riƙe da kofin tana kuka. Har yau in na ji an ce "ba ya cizo" fuskar matar nan nake gani.

Maman Ilham: Innalillahi. Na duba yanzu, ƙanwata ta haska mini. Gwiwa ce kawai, kuma wando bai huje ba, karen bai kai ga fata ba. Amma zan nuna wa likita gobe in na je hoton ƙafar.

Likitan Dabbobi: Hakan ya yi, Hajiya. In ƙara a kan na Nas. Rigakafin kare ana fara shi yana wata uku, a riƙa maimaitawa duk shekara, kuma ana ba da kati. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Filato, wadda ke nan tun 1924, tana yin wannan allurar, asibitocin dabbobi kuma suna da ita. In aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri rigakafi, cutar na daina yawo a tsakaninsu. Duk mai fita da kare ya ɗauki hoton katin ya ajiye a waya. In tsautsayi ya faru, nuna katin da ba da lambar waya da bin mutum asibiti shi ne mutunci. Kuma a sa ido kan karen kwana 10, amma wanda aka ciza ba zai zauna jiran kwana goman ba, zai fara allura.

Ga masu gudu. Kare an halicce shi da son bin abin da ke gudu, ko ƙwallo ne ko babur ko mutum. Ba lallai mugunta ba ce, amma wanda ake bi ba shi da hanyar bambancewa, kuma kare mai wasa ma yana kayar da mutum. In sakakken kare ya nufo ka, gudu ne mafi munin abin yi, ba za ka tsere masa ba. Ka tsaya, ka ba shi gefen jikinka, hannuwa a ƙasa ko a ƙirji, kar ka zuba masa ido cikin ido, kar ka yi ihu. Yawanci zai shinshina ya tafi. Sannan ka ja da baya a hankali. Kaɗa wutsiya kuma ba kullum ne alamar murna ba. In jiki ya sandare, wutsiya ta miƙe sama, gashin baya ya tashi, baki ya rufe, wannan karen a ba shi wuri.

Maman Ilham: Dakta na ji, kuma na gode. Amma ka yi mini adalci, a wannan lokacin wa ke tuna ya ba da gefen jiki? Ina 'yar shekara bakwai kare ya yage mini cinya a Zariya, tabon na nan. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake. Ba na so maganar ta juye ta zama mu ne za mu koyi yadda ake tsayawa, su kuma su ci gaba da saki.

Likitan Dabbobi: Gaskiyarki ne Hajiya, ban faɗa don in ɗora miki laifi ba. Dabarar tsira ce in an riga an yi sakaci. Sakacin na mai igiya ne.

Bakanon Landan: Sannu Yaya. Bari in ba ku yadda abin yake a nan, don kar a ɗauka Turawa sun gama warware shi. Ina gudu a gefen magudanar Regent's Canal, hanya ce siririya, ruwa a gefe ɗaya bango a ɗaya, ga masu keke ga masu kare ga masu turin jarirai. Rigimar nan tamu ita ce tasu, har kalmar ma iri ɗaya ce, mai kare zai ce maka ai shi mai son mutane ne. Bambancin shi ne doka na bayan mai tafiya. Ƙa'idojin hanya na Birtaniya, lamba 56, sun ce a riƙe kare da gajeriyar igiya a gefen titi da hanyar da ake tarayya da masu keke ko mahaya doki. Dokar karnuka masu haɗari ta 1991 kuma ba ta jira sai an yi cizo, in kare ya fita daga iko har mutum ya ji tsoron zai ji masa ciwo, mai shi ya yi laifi. Nau'in karen da ake kira XL Bully ma tun ƙarshen 2023 ba a fita da shi a Ingila sai da takunkumi da igiya.

Akwai gudun da ake kira parkrun, kilomita 5 duk Asabar da safe kyauta, an fara shi a filin shaƙatawa na Bushy Park da ke Landan a 2004. A wuraren da aka yarda a zo da kare, ɗaya tak ake ba mutum, igiya gajera kuma a hannu. Da can wasu na ɗaura igiyar a ƙugu kare na jan su, a 2022 aka hana saboda yana kayar da mutane. Wasu masu kare sun ji haushi sosai, amma aka tsaya a kai.

Sai kashi. Nan kowa da 'yar ledarsa a aljihu, kare na yi zai duƙa ya kwashe, in ba haka ba tara ce da kan kai fam 100. Da na zo gida bara na taka shi sau biyu a mako ɗaya.

Hajiya Babba: Yauwa, ka taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Jikokina a ciyawar gefen hanyar nan suke wasa, da hannu suke ɗaukar komai su kai baki.

Likitan Dabbobi: Kuma akwai tsutsar ciki da ƙwanta ke fita a kashin kare ya daɗe a ƙasa, in ya shiga cikin yaro yana iya taɓa har ido. Leda ɗaya ta ishe shi.

Baban Walid: Wannan kam na amsa laifina, ban kasance ina kwashewa ba, ina tura shi bakin kwata ne in wuce. Daga gobe da leda zan fita. Amma ina nan kan roƙona na gyaran murya. Kuma iyaye su daina barin yara su rugo su shafa kare don sun ga yana da kyau. A tambayi mai shi tukuna. In na ce a'a ba wulaƙanci ba ne, na san halin abina.

Ɗan Tsere: Na karanta duka. Malam, na ajiye maganar jifan kare ɗaurarre, ban yi daidai ba. Sallama ma zan riƙa yi, zan kuma cire abin kunne ɗaya. Amma sakakke in ya nufo ni zan kare kaina, wannan ban janye ba. Kuma duk wannan tsarin da muke yi, ogan da ke barci ba ya cikin nan, yaron da ya saki karen ma ba ya ciki. Mu da muka yarda da juna ne kawai muke ta magana.

Kocin Asabar: Shi ya sa sai an kai maganar inda suke. Kowace unguwa mai ƙofa tana da ƙungiyar mazauna, su ke karɓar kuɗin gadi da na shara. Su rubuta wa kowane gida: ba sakin kare a layi, babban kare ɗaya ga mutum ɗaya, katin rigakafi, leda. Mu kuma masu gudu a rubuta namu a takarda ɗaya, don kar a ce an ware wasu: bin dama, wucewa ta hagu da sanarwa, ba jerawa a cike hanya, riga mai haske in da duhu.

Maman Ilham: Jama'a ga abin da ya faru yanzu da yamma. Baban Ilham ya bi layin ya gano gidan. Maigidan ya yi tafiya, sai yaron ya tarar a bakin ƙofa yana wanke mota. Da ya gane abin da ya kawo shi sai ya durƙusa yana roƙo kar a gaya wa oga, wai wata biyu ke nan da ɗaukarsa aiki, wanki da shara aka ɗauke shi, karnukan daga baya aka haɗa masa. Ya nuna masa tafin hannunsa duk igiya ta yanka. Ya ce tsoro ne ya hana shi yi mini sannu, ya ɗauka in ya amsa laifi kama shi za a yi. Bai fi shekara 19 ba. Ya biyo Baban Ilham har gida ya gaishe ni, kansa a ƙasa.

Yanzu na rasa yadda zan yi. In an gaya wa maigidan, wataƙila ya kore shi ya ɗauko wani yaron ya miƙa masa igiyoyin nan biyu. In an yi shiru, gobe wata ce za ta faɗa kwalbatin, wataƙila mai ciki.

Malam Na Kubwa: A gaya wa maigidan, Hajiya, don nauyin nasa ne, shi ya ba da aikin da ya fi ƙarfin yaron. Amma Alhaji ya je da kansa, ya faɗa masa ba korar yaron kuke nema ba.

Ɗan Tsere: Kuma ya biya kuɗin hoton ƙafa da magani.

Maman Ilham: Kuɗin ba shi ne damuwata ba, ƙanena. In fita da asuba ba tare da ina waige-waige ba, shi nake so.

Ɗan Pankshin: Mama, in maigidan ya yarda, ni zan zo ranar Asabar in nuna wa yaron yadda ake riƙo da yadda ake tsai da kare, ba sai an biya ni ba. Ina da gajeriyar igiya mai kauri da ba na amfani da ita, zan taho masa da ita. Amma a gaya wa ogan ya fito shi ma ya tsaya, don karnukan muryarsa suka sani. Ku turo mini kwatancen ta akwatin sirri.

Maman Ilham: Allah ya saka da alheri. An ce Juma'a da dare zai dawo. Baban Ilham zai same shi bayan sallar isha'i, duk yadda suka yi zan sanar da kai. Ƙarfe nawa za ka iya isowa Gwarinpa?

Ɗan Pankshin: Shida da rabi, kafin kwalta ta ɗau zafi.